Kujerar Gefen Malam Marsel

Ranar Lahadi muna cin shinkafa da miyar gyaɗa a wani gidan abinci na Château Rouge a nan Paris, ɗayanku ya tambaye ni aikin da na tsufa ina yi a ƙasar nan. Na ce labarai nake tattarawa ina aika wa mujallar ƙungiyar mabusa turombon. Kuka kwashe da dariya. Har wani mai dogon wuya a cikinku ya ce shi a metro zai gama wannan aikin da salularsa kafin a kai Barbès, tasha ta gaba. Ban tanka ba, don ba na gardama da loma a baki. To yanzu na wanke hannu, sai ku ba ni kunnuwanku.

Turombon, ga wanda bai san shi ba, ƙaho ne na tagulla, ɗan'uwan kakaki. Bambancinsu shi ne yana da wani dogon hannu mai zamewa, ana tura shi gaba ana jawo shi baya don sauya sauti. Faransawa na ce wa hannun kulis. Ni dai ban iya busa shi ba. Sau ɗaya na gwada a ɗakina, maƙwabciyata ta zo ta buga ƙofa tana tambaya ko lafiya. Masu busa shi suna da ƙungiya, a ciki akwai manyan makaɗan birni, akwai malaman makarantun kiɗa, akwai sojojin fanfar, wato masu badujala, akwai tsofaffin da suka bar aiki suna busa wa ƙauyensu ranar biki. Ƙungiyar tana fitar da mujalla duk wata uku. Wanda ya ci gasa, wanda ya samu kujera, wanda ya rasu, duk a nan ake ji, kuma wani ne ke zuwa ya jiyo ya rubuto.

A Lyon na koyi aikin. Daga Maraɗi na zo karatu, ina haɗawa da aikin ƙarfi a wata maɗaba'a, ina ɗaukar takardu ina share tawada. A can ake buga mujallar. Mai shirya ta, Madam Odil, wata 'yar siririyar mata ce da ba ta dariya sai da dalili. Ta lura ina karanta shafukanta kafin in ɗaure su, sai wata rana ta ce in je in saurari wasan ɗaliban wata makarantar kiɗa in kawo mata labari, don wakilinta ba shi da lafiya. Na je na dawo na zauna na zuba Faransanci. Na ce babban ɗalibin zaki ne, ƙahonsa ya girgiza gari, duk wanda ya ji sai da tsikar jikinsa ta tashi. Ni a ganina na yi abin kirki, haka na tashi na ji ana yabon gwani a gida.

Madam Odil ta karanta a tsaye. Ta tambaye ni sunan abin da yaron ya busa, na ce ban tambaya ba. Ta tambayi sunan malaminsa, da kujerar da ya zauna, ta farko ce ko ta biyu. Nan ma ban sani ba. Sai ta ce a cikin masu karanta mujallarta babu wanda bai taɓa riƙe ƙaho ba, in na ce musu zaki ba su ƙaru da komai ba, amma in na faɗa musu abin da ya busa da inda ya zauna, su da kansu za su san ko zaki ne ko kyanwa. Ta mayar mini da takardar ta ce in koma makarantar in tambayo. Na koma a ƙafa, raina a ɓace.

Kayan aikina ba su da yawa, amma kowanne da dalilinsa. Fensir nake riƙewa, ba bik mai tawada ba, don yawancin wasannin ƙauye a tsofaffin coci-coci ake yin su, sanyin ciki yana daskarar da tawada. Akwai 'yar na'urar ɗaukar murya, da can ta kaset, yanzu ƙarama kamar ashana. Akwai auduga ta toshe kunne. Kada ku yi dariya, ku zauna gaban mabusa takwas na yini guda tukuna. Wurin zama ma ilimi ne. Ba a zama saitin bakin ƙaho, a gefe ake zama, in da hali a ɗan sama, inda za ka ga hannuwa. Kuma in ka je bayan dandamali ka duba inda kake taka ƙafa, don mabusa suna zubar da ruwan da ke taruwa a cikin ƙaho a ƙasa, babu ruwansu da takalminka.

Sai kuma hoto, wanda shi ne ya fi wahala. Ku in kun ga hoton mai busa fuskarsa kuke kallo. Su mabusa hannunsa suke kallo, da wuyansa, da gefen bakinsa. Mutum ya ɗora ƙaho a leɓe don a ɗauke shi hoto kawai, suna gani za su gane ba busawa yake ba, su yi ta yi masa tsiya har shekara ta zagayo. Don haka nakan bar su su manta da ni, sai busa ta yi zafi in danna.

Mutanen da nake hulɗa da su kuwa, sai dai haƙuri. Akwai wani tsoho a kusa da Lyon da ya aiko mini shafuka tuli a kan man da ya fi dacewa da kulis. Na rage su zuwa rabin shafi, ya daina gaishe ni. Akwai masu aiko labari bayan an rufe shafi, su rantse da kabarin uwarsu sun aiko tun tuni. Akwai uwar da ke kira ta ce an sa hoton ɗanta a ƙasan na ɗan maƙwabciyarta. Akwai matar da mijinta ya rasu, ta kawo hotonsa a cikin ambulan ta ƙi sakin gefensa sai na yi alkawarin maido shi. Wata rana wani ya aiko cewa abokin busarsa yana asibiti an yi masa aiki a huhu, a sa a mujalla don a yi masa fatan alheri. Madam Odil ta hana. Ta ce abin da ya shafi jikin mutum ko sirrinsa ba ya shiga shafinta sai kowane mai suna a cikin labarin ya yarda da bakinsa, don mabushi da leɓensa da huhunsa yake ci, in aka ji sun taɓu kira ya ɗauke. Wannan doka ba ta taɓa lanƙwasa ta ba, ni ma da na koma Paris na zama wakilin wannan ɓangaren da ita na ci gaba da aiki.

Duk waɗannan matsalarsu ɗaya ce, suna son a faɗi fiye da abin da suka yi. Mutum ɗaya ne ya ba ni wahala ta ɗaya gefen, kuma namu ne. Sunansa Sha'aibu, Badamagare. A fanfar ta soja ya fara busa a gida, ya samu zuwa Lyon karatun kiɗa, ya faɗa hannun wani babban mabushi mai suna Marsel. Tsoho ne mai tsauri, sunansa ya kai ko'ina a wannan sana'a. Sha'aibu bai taɓa kiransa da sunansa tsura ba, Malam Marsel yake cewa, har sauran ɗalibai Faransawa suka kwaikaya.

Shekarar da ta gabaci korona aka yi wani babban wasa a Lyon, Madam Odil ta kira ni in sauko in rubuta. Marsel ne a kujerar farko, Sha'aibu a gefensa. Al'ada ce a wurinsu, tsohon mabushi yakan zaunar da ɗalibi kusa da shi ya riƙe masa wuraren hayaniya, don leɓensa ya huta kafin a zo solo, wato inda ƙaho ɗaya ke tashi shi kaɗai kowa ya yi shiru. Aka zo solon. Wallahi na daɗe a wannan aiki, ban ji irinsa ba. Sautin ya hau sama a hankali ba tare da ya karye ba, ya sauko lafiya. Gidan rediyo ya ɗauka ya watsa, gari ya ɗauka cewa ƙuruciyar Marsel ta dawo. Gayyata ta riƙa zuwar masa daga wurare.

Ni ina sama ta gefe, ina ta danna hoto. Da na koma gida na buɗe hotunan sai na ga abin da mutanen ƙasa ba su gani ba saboda allunan da ake ɗora takardun kiɗa sun tare su. Su biyun duk ƙaho na bakinsu. Amma wuyan Marsel a sake yake, kulis ɗinsa tsaye wuri ɗaya. Jijiyar wuyan Sha'aibu ce ta tashi, hannunsa ne ke tafiya. Waɗanda ke zaune kusa da su babu shakka sun sani, kowa ya kama bakinsa. Ni ma na kama nawa. Na rubuta cewa Marsel ne a kujerar farko, ɗalibinsa Sha'aibu a gefensa, kuma solon ya yi kyau. Babu ƙarya ko ɗaya a ciki. Hoton kuwa na ajiye shi.

Sai ga shekarar korona. Kowace sana'a ta ji a jikinta, amma ta mabusa ta fi shiga uku, don an ce numfashi ne ke yaɗa cutar, su kuwa numfashi suke sayarwa. Aka rufe zaurukan wasa, aka soke gasa, makarantu suka koma ta ordinatar, wato kwamfuta. Ni mai tattara labari na rasa abin tattarawa. Madam Odil ta riƙa cika shafuka da tsofaffin hotuna da bayanin yadda ake wanke ƙaho da sabulu. Shafin da ya yi ƙiba a wannan shekara shi ne na ta'aziyya. Har na fara tsoron ƙarar salulata.

A cikin wannan hali Sha'aibu ya kira ni. Ya gama karatu ya dawo Montreuil a gefen Paris, yana zaune a gidan ma'aikata baƙi, yana cusa tawul a bakin ƙahonsa in zai yi gwaji don kada ya tashi masu barcin rana. Bayan doguwar gaisuwa ya faɗa mini takardar zamansa ta kusa ƙarewa. Don a sabunta masa a matsayin makaɗi, sai ya kai wa ofishin takardun baƙi da ke Bobigny dosiye, wato tarin takardun shaida, mai nuna cewa shi sananne ne a sana'arsa. Wasannin da aka yi masa alkawari duk an soke su. Matar da ke taimaka masa da takardu ta ce abin da ya rage shi ne rubutu a jarida ko mujalla, mai nauyi, wanda zai nuna ko shi wane ne. In babu, sai komawa gida.

Na hau metro na je. Ya dafa mini shayi a kicin ɗin gidan, na kunna na'urata. Duk tambayar da na yi masa amsa ɗaya ce. Shi ɗan koyo ne. Malam ya yi ƙoƙari a kansa. In an ji wani abu mai kyau to albarkar Malam ce. Na san daga inda abin ya fito, mu a gida yabon kai jahilci ne, gwani ba ya faɗin kansa sai wani ya faɗe shi. Amma Bafaranshe in ya karanta ɗan koyo, ɗan koyon zai ɗauka, ba zai tsaya neman kunya a bayan magana ba. Na ce masa kai Sha'aibu, kunya ba ta cika dosiye. Ya yi murmushi ya ƙara mini shayi. Da na ga zai ɓata mini yini, na ciro hoton nan na ajiye masa a kan tebur. Ya dube shi, ya kife shi, ya ce, “Baba Rabe, wannan hoton bai fito da kyau ba.”

Na ɗauki hotona na tafi. Lokacin an ɗan sassauta kulle, na hau jirgin ƙasa sai Lyon. Marsel yana zaune a kan tudun Croix-Rousse, sai da na huta a hanya kafin in kai ƙofarsa. Muka zauna nesa da juna, kowa da ƙyallen rufe hanci. Na faɗa masa halin da ɗalibinsa ke ciki, sannan na miƙa masa hoton. Ya duba shi da kyau. Sai ya ba ni labari a hankali. Leɓensa ya fara rawa in ya je sautin sama, likita ya ce ba ya da magani. A wancan daren da aka kusa solo ya ji abin ya taso masa, sai ya taɓa gwiwar Sha'aibu da tasa gwiwar. Shi ke nan. Yaron ya ɗauka. Kuma daga ranar har yau ba su taɓa yin maganar ba, ko da wasa.

Na gaya masa gaskiya cewa in aka buga wannan, kiran da ake yi masa ya ƙare, kuma duk wanda ya yabe shi a kan wancan solo zai san ba shi ya busa ba. Ya ce ya fi ni sanin haka. Sannan ya ce, “Rubuta. Kuma ka sa sunana cikakke, kada ka ce wani tsohon malami.”

A cikin jirgi na rubuta sakin layin, a kan gwiwata. Gajere ne, babu zaki babu girgiza gari. Ya faɗi wasan, ya faɗi solon da aka ji a rediyo, ya faɗi wanda ya busa shi, da bakin Marsel. Duk mabushin da ya karanta zai miƙe zaune, kuma duk ma'aikacin ofis zai gane cewa an yi abu. Na ji daɗi ƙwarai, ba zan ɓoye muku ba. Washegari na kai wa Sha'aibu na karanta masa.

Ya saurara har ƙarshe kansa a sunkuye. Sai ya ce, “Baba Rabe, ya yarda ne don yana ƙaunata. Ni ban yarda ba. Mutumin da ya zaunar da ni a gefensa, ba zan taka leɓensa in karɓi takarda ba.”

Raina ya ɓaci, na yi masa faɗa sosai. Na ce Marsel ba yaro ba ne, ya san abin da ya faɗa. Na ce haƙƙinsa ne shi Sha'aibu, shi ya busa, ba sata ya yi ba. Na ce tsohon ko ba a buga ba kwanakin busarsa ƙidayayyu ne. Ya ce to a bar shi ya ƙirga su da kansa. Da na ga na kasa, na je na ɗauko wani Alhaji ɗan Tawa, dattijon gidan, wanda kowa ke jin maganarsa, don ya ja masa kunne. Alhaji ya zauna ya saurari kowa, ya ja carbinsa, sannan ya juyo ya ce mini yaron ya fi ni gaskiya, wanda ya rufa asirin wani Allah zai rufa nasa. Ni na kawo mai raba gardama, ya raba ta a kaina.

Na aika wa Madam Odil sakin layin tare da bayanin yadda ake ciki. Ta kira ni ta ce tunda take shirya mujallar ba a taɓa kawo mata labari kamar wannan ba. Amma sunaye biyu ne a ciki, kuma baki ɗaya ne ya yarda. Ta ce za ta riƙe shafin na ɗan lokaci ko Sha'aibu zai sauya ra'ayi, abin da ban taɓa jin ta yi wa kowa ba. Na sake komawa Montreuil. Ya tarbe ni da fara'a, ya dafa shayi, ya tambayi iyali, bai motsa daga inda yake ba. Ranar rufe shafi na cire sakin layin da hannuna.

Abin da ya fito rabin shafi ne da hoto mai kyau. Ya ce Sha'aibu ɗan Damagaram ne, ya yi karatu a hannun Marsel, ya zauna a gefensa a wani babban wasa. Shi ya sa a dosiyensa ya kai. Amsa ta zo cewa hujjar ba ta isa ba. Ban ga laifin ma'aikatan ba, abin da aka ajiye a gabansu suka duba, kuma ɗalibin da ya zauna gefen malaminsa akwai su da yawa. Ya haɗa kayansa ya tafi. Ni na raka shi filin jirgi, ƙahon yana rataye a bayansa, ya hana a sa shi cikin kaya. Yanzu yana Damagaram yana koyar da samarin fanfar.

To kai mai dogon wuya, in ka gama rubuta wannan a metro kafin Barbès, ka zo ka nuna mini.

Da aka buɗe gari, ƙungiya ta yi taronta na shekara a Lyon. Ana hutun shan kafe Marsel ya tako ya same ni a bakin taga. Ya rame. Ya ce ya karanta mujalla daga farko har ƙarshe bai ga maganarsa ba, shin Odil ce ta ji tsoro. Na ce a'a, ɗalibinka ne ya hana. Ya tambayi inda yake, na ce ya koma gida, takarda ba ta fito ba. Ashe bai sani ba. Sha'aibu yana kiransa yana gaishe shi, yana tambayar lafiyarsa, bai taɓa faɗa masa daga ina yake kira ba.

Tsohon ya ajiye kofinsa. Sannan ya ce, “Busa ni na koya masa. Wannan kuwa da abinsa ya zo.”

Ya tambaye ni yaushe za a rufe shafin gaba, ya ce yana da ɗan labari da zai ba ni, ya ajiye busa. Na ciro fensir na ce layi nawa zan bar masa. Ya ce ɗaya ya isa.